Guntun Waya a Aljihun Baba

Jiya a wani injin niƙa a Dabai na ga wayar lantarki mai sulke an cusa ta cikin akwatin wuta da salatif kawai, yara na jingina da shi. Na yi magana, aka ce in yi gaba.

Sai na tuna tsohon da ya koya mini aikin wuta. Guntun waya ba ya barin aljihunsa, har warin goro yake. A kasuwar Zuru sai ya gwada masa gilan, zoben da ke damƙe sulken a bakin akwati, ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana na ce, "Baba, rana na yi!"

Ya ce, "Kai, ana sayen takalmi ba ƙafa?"

Da shi ne jiya, da an kashe injin nan. Allah ya ji ƙansa, ya tsare yaran.