Farin Gari a Kwalba Mara Suna

A shekarata ta ƙarshe a lise, wato makarantar sakandare, a Garwa, malamin kimiyyar sinadarai ya kawo mana wani farin gari cikin kwalba. Gara ta cinye takardar da ke ɗauke da sunansa tun kafin malamin ya zo makarantar. Abin da ya sani kawai shi ne kabonet ne. Ya ce mu gano ko wane iri ne.

Aikin ba wuya. A auna rabin giram, a zuba masa asid, a tara iskar da ta fito a cikin sirinji, daga yawanta a lissafo nauyin sinadarin. Watan Afrilu ne, fanka ba ta aiki, gumi na ɗiga daga haɓata kan takarda.

Kowa a ajin ya ɗauki lambar da muka haddace daga littafi, ashirin da biyu da ɗigo huɗu, ya samu kusan tamanin da bakwai. Suka ce magniziyam kabonet ne, tunda nauyinsa tamanin da huɗu. Ni kuwa na duba ma'aunin zafin da ke rataye a bango, na ga arba'in da ɗaya. Lambar littafin an yi ta ne don sanyin da ruwa ke daskarewa, iska kuwa tana kumbura da zafi. Na sa zafin ɗakinmu a lissafina, na samu ɗari. Kalsiyam kabonet ke nan.

Malam ya duba takardata ya ture ta gefe.

"Mutum talatin sun ce abu ɗaya, ke kaɗai ce mai ido? Gyara ki kawo."

"Malam, ba zan gyara ba. Mu a Garwa muke, ba cikin firij ba."

Ajin ya fashe da dariya. Ƙawata da muke zama benci ɗaya ta ja mini hijabi, ta raɗa mini da Fulatanci in yi shiru. Amma ban yi shirun ba.

"A gwada shi a wuta," na ce. "In magniziyam ne, launin wutar ba zai sauya ba. Sai ka ba ni sifili."

Malam ya ɗauko kwalbar. Sannan ya kunna murhun gas, ya jiƙa bakin waya da asid, ya dangwalo garin ya kai cikin harshen wutar. Nan take ta koma ja kamar jan bulo.

Launin kalsiyam ke nan. Malam ya kashe wutar, ya goge allo, ya ce kowa ya sake lissafi da zafin ɗakin.

Bai ba ni haƙuri ba. Da takardata ta dawo, maki goma sha uku ya ba ni cikin ashirin, ya rubuta da jan biro cikin Faransanci cewa amsa daidai ce amma ladabi ya yi ƙaranci. Na kai wa babana a rumfarsa ta ɗinki. Ya sa na fassara masa Faransancin sau biyu, sannan ya miƙo mini allura ya ce in zura masa zare, tunda ni ce mai ido.