Ranar da Tsumma Ya Janye Sojojin Kawu Isiyaku

Cikin duk wautar da na tafka tun da na fara aiki a shagon gem na Oga Ɗanlami, wadda har yau ban manta ba ita ce ta ranar da na goge kibod ana tsakiyar yaƙi. Ku da kuka zo bayana kuna jin ana ce min Janar Tsumma, kuna dariya ba ku san mafari ba. To ga yadda aka yi.

Lokacin ina ɗan shekara sha shida, muna hutun ƙarshen zango, damina ta yi nisa. Shagon yana nan inda yake a Unguwar Shanu. Aikina shi ne in kunna wa mutum gem in riƙa duba lokacinsa, in tada janareta idan an ɗauke wuta, sannan in goge kibod da mawus duk sanda wani ya tashi daga kujera. Wannan na ƙarshen Oga ya fi tsananta min. Cewa yake samarin unguwarmu da hannun da suka ci awara suke zama. Ya horar da ni har ta kai in na ga wuri babu kowa, hannuna da kansa yake neman tsumma. A gida ma in Baba ya tashi daga tabarma sai Umma ta riƙe ni.

Yawancin masu zuwa ƙwallo suke bugawa. Wasan ba ya daɗewa, wanda aka ci ya tashi, na baya ya zauna. Amma a lungu akwai kwamfuta biyu da aka haɗa da waya, aka raba su da katako don kada wani ya leƙa allon wani. A kansu akwai wani gem na yaƙin duniya na biyu. Ba irin wanda kake riƙe bindiga kana harbi ba ne. Kai ne kwamanda, kana kallon fili daga sama kamar shirwa. Ka gina sansani, ka fitar da sojoji, ka kama wuraren da ake samun mai da harsashi. Ɓangare ɗaya yana da manyan tankoki masu tsada, ɗayan yana da sojojin ƙasa masu yawa. Kuma ba bi da bi ake yi ba. Kana tunani, abokin gaba yana tafiya. In da kwamfuta kake karawa kana iya tsayar da wasan. In mutum biyu ne, babu maɓallin tsayarwa. Ku riƙe wannan, shi ne tushen rigimar.

Ban taɓa ganin abin da mutane ke da ra'ayi a kansa kamar gem ɗin nan ba, musamman waɗanda ba su taɓa zama a gabansa ba. Shamsu mai keke napep cewa yake, "Wannan ai aikin gwamnati ne. Ka biya kuɗinka ka zauna kana gina katanga?" Wani ya ce sojojin sun yi ƙanana, kamar tururuwa da hula. Wani ya ce shi abin da ya hana shi yi, Turancinsu ya cika sauri, ba ka sanin zagi ne ko gaisuwa. Amma babban zargin shi ne wai gem ɗin yana da son kai: duk wanda ya ɗauki tankoki shi ke ci. Nazifi mai gyaran waya daga Badarawa ya yarda da wannan zargi ɗari bisa ɗari, shi ya sa kullum tankoki yake ɗauka.

Mutum ɗaya ne bai yarda ba, Kawu Isiyaku. Tela ne a Babbar Kasuwa, ya ba arba'in baya, ba shi da yawan magana. In ya tashi daga keken ɗinki sai ya biyo ta wajenmu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ɗauki sojojin ƙasa. Ba shi da kwamfuta a gida, ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Wannan lungun shi ne hutunsa. Ra'ayinsa kan gem ɗin gajere ne: "Kamar yankan shadda ne. Wanda ya yi gaggawa shi ke asara."

Wata Laraba Oga ya sanar cewa an kawo sabuwar ƙwallo ta kwamfuta, kuma babu wurin sa ta sai an goge wani gem. Shi Oga bai taɓa buga gem ko ɗaya ba, abin da ya ji ana faɗa da shi yake aiki.

Ya dube ni ya ce, "In dai mai tanka ne kullum ke ci, ai ba wasa ba ne. Habu, gobe ka goge shi."

Kawu Isiyaku ya juyo daga lungu. "Ɗanlami, ka ba ni zuwa Asabar. Nazifi ya ɗauki tankokinsa, ni in ɗauki 'yan tururuwata. In ya ci ni, ka goge, ba zan ce uffan ba."

Nazifi ya ce, "Kawu, da girmanka? Ni fa ba na son a ce na kunyata dattijo."

"Ka zo dai."

Oga ya amince. Shamsu ya yayata maganar a cikin kekensa tun daga Unguwar Shanu har Badarawa. Ranar Asabar shagon ya cika maƙil, har mutum sai ya fita waje kafin ya iya canja ra'ayi. Aka kafa doka: 'yan kallo suna ganin allo biyun, amma duk wanda ya yi magana waje.

Bayan azahar aka fara. Filin yana da kogi a tsakiya da gada guda. Kawu ya tara kusan duk sojojinsa a bakin gadar, ya jera musu buhunan yashi, ya zauna yana jira. Nazifi yana can yana tara mai. Aka daɗe babu wanda ya motsa. Shamsu ya yi hamma mai ƙarfi, Oga ya nuna masa ƙofa da ido, ya haɗiye sauran.

Ana haka aka kira la'asar.

Dokar shagon kun san ta, in an kira salla kowa ya tashi. Masu ƙwallo su danna tsayarwa su tafi. Amma wannan ba ya tsayawa. Aka yi cirko-cirko. Kawu ya ce, "A tsagaita wuta. Kowa ya ɗauke hannu, mu je mu dawo." Nazifi ya yi 'yan danne-danne da sauri, ya ɗaga hannu biyu sama, ya ce ya yarda. Ni aka bari, domin tsarinmu shi ne ɗaya ya tsare shago da janareta, in Oga ya dawo, mai tsaron ya je ya yi tasa sallar.

Oga ya ce, "Habu, kada ka bar kowa ya taɓa kwamfutocin nan."

Na ce, "Oga, ko ƙuda sai da takarda."

Kuma na cika alkawari, babu wanda ya shigo. Na tsaya a ƙofa kamar mai gadin banki. Sai na waiga. Kujera babu kowa. A kan kibod ɗin Kawu ga ɓawon gyaɗa da wani ɗan kallo ya zubar. Wallahi ban yi tunanin komai ba. Ban ma san lokacin da na tsoma tsumma a ruwan sabulu na matse ba. Na bi kibod ɗin daga hagu zuwa dama, yadda aka koya min.

Sai na ji usur daga sifika, wani soja ya kwarma ihu da Turanci. Na duba allo. Sojojin Kawu kaf sun bar buhunan yashi sun juya da gudu suna komawa sansani. Ashe ya bar su duka a zaɓe, tsummana kuma ya bi ta kan maɓallin janyewa. Ni kunnawa da kashewa kawai na iya. Na ce musu, "Ku dawo, don Allah ku dawo!" Ba su jin Hausa. Na ɗaga hannu zan danna wani abu, na tuna dannawa ce ta kawo ni nan, na mayar da shi aljihu.

Ina tsaye ina lissafin irin sana'ar da zan koma, sai bakin gadar ya kama da wuta. Bama-bamai suka riƙa sauka daidai inda sojojin suka bari. Na zagaya na leƙa allon Nazifi. 'Yan danne-dannen nan da ya yi kafin ya ɗaga hannu, wata babbar igwa ya saita, wadda ke ɗaukar lokaci kafin ta shirya, sannan ta yi ta harbi da kanta. Ta ragargaje buhunan yashi, ta kashe wata saniya da ke kiwo a gefe. Soja ko ɗaya ba ta samu ba.

Nazifi ne ya fara dawowa, ko addu'a ban jin ya tsaya ba. Ya zauna yana murmushi. A gem ɗin ba ka ganin wurin da ba ka da soja a kusa, saboda haka shi a ganinsa an gama. Kawu ya shigo a natse, ya zauna, ya ɗora yatsu a kibod. Ya ɗaga su ya murza. Ya kai hanci. Ya dube ni. Na dubi silin. Ya mayar da ido kan allo.

Nazifi ya turo tankokinsa duka ta kan gadar, a jere kamar motocin ɗaurin aure, babu sojan rakiya ko ɗaya. Sojojin Kawu kuwa sun huta a gida, an cike musu gurbi, sun ɗauki bindigogin fasa tanka. Ya raba su biyu ya ɓoye a cikin gidaje. Ya bari tankar farko ta sauka daga gadar, ya fasa ta ƙarshe, hanya ta toshe. Sauran ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire zaren ɗinki. Kafin magariba sansanin Nazifi ya zama toka.

Shago ya ɗauki ihu. Shamsu, wanda jiya-jiya yake cewa aikin gwamnati ne, ya hau benci. "Kun ga dabara? Ya san za a yi masa luguden wuta, ya janye tun kafin ya tafi masallaci! Ni dama na faɗa, gem ɗin nan na masu ƙwaƙwalwa ne!"

Kawu ya sa hularsa. Ya ce, "Ba ni na janye su ba. Ku tambayi Habu, kibod ɗina har yanzu da danshi."

Duk ido ya dawo kaina. Na ce, "Oga, kai ka ce in an tashi a goge."



Nazifi ya miƙe. "To ai ba a ci ni ba ke nan! An taɓa masa!"

Kawu ya ce, "Haka ne. Ita kuma igwarka, wa ya ce ta yi harbi muna cikin sahu?"

"Ni hannuna bai taɓa komai ba. Tun kafin a tashi na ba ta umarni."

"Ka yi salla kana jiran ƙarar bam ke nan."

Nan musu ya ɓarke sabo. Wasu suka ce Nazifi ya ci amana, wasu suka ce yaƙi ɗan zamba ne. Shamsu ya sauko daga benci ya ce shi dama ya faɗa, gem ɗin da tsumma zai ci ba gem ba ne. A kwana biyu na ji ra'ayi uku daga bakinsa, kuma kowanne da rantsuwa. Abin da na koya a sana'ar nan ke nan: ra'ayin ɗan kallo yana bin wanda ya ci ne. In kana son sanin darajar gem, ka dubi wanda ke dawowa ya zauna a kansa ko babu mai kallo.

Oga ya bari suka gaji, sannan ya yanke hukunci. Ya ce ya gani da idonsa ana cin mai tanka, ko da taimakon tsumma ne, saboda haka ba zai raba Kawu da lungunsa ba. Amma wasan da ba ya tsayawa a yi salla, ba za a ƙara yin sa mutum biyu a shagonsa ba.

Washegari ya sa na cire wayar da ta haɗa kwamfutocin. Aka goge gem ɗin a ɗaya aka sa sabuwar ƙwallo, aka bar shi a ta jikin bango. Nazifi ya koma ƙwallo. Kawu Isiyaku yana zuwa har yanzu, da kwamfuta yake karawa. In an kira salla sai ya danna tsayarwa, ya kife hularsa a kan kibod, sannan ya fita.