Goɗiyar Ja'afaru Wanzami

Ja'afaru bai taɓa tsayawa da ƙafafunsa ba. Shan inna ya same shi tun yana goye, ƙafafun suka shanye, ya tashi yana jan jiki da wasu 'yan katakai biyu a hannu don kada ƙasa ta cinye masa tafi. Mahaifinsa shi ne wanzamin Unguwar Gai a ƙasar Kibiya, kuma 'ya'yansa maza biyu ne, Zakiyyu babba, sai Ja'afaru. Zakiyyu tun yana saurayi ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa a kan kawunan mutane ba, ya shiga sayen hatsi yana kaiwa Rano. Da tsohon ya rasu, zabira da asake da ƙaho suka faɗo hannun Ja'afaru.

Hannunsa da sanyi, kowa ya shaida. Jariri ma in yana yi masa askin suna da wuya ya yi kuka. Amma wanzami ba a zaune yake cin abinci ba. Suna na wannan ƙauye, kaciya na wancan, mai son ƙaho yana can ruga kwance da ciwon baya. Wanda ba ya tafiya, wani ne zai riga shi.

Wani Bafulatani mai suna Bappa, wanda ya daɗe da zama a gefen Fammar yana noma yana kiwo, shi ya buɗe masa hanya. Yana da wata duƙusa, ƙaramar goɗiya, da uwarta ta mutu ta bari, ramammiya, gashinta duk ya tashi. Ranar da Ja'afaru ya yi wa 'ya'yansa kaciya, Bappa ya jawo ta ya ce, “Kuɗi ba ni da su yau. Ga wannan, in ta rayu ta zama ƙafarka.”

Ta rayu. Da kunun dusa da madarar akuya Ja'afaru ya rene ta, a ƙofar ɗakinsa. Launinta fari-fari ne mai ratsin rawaya, don haka ya sa mata Gunya. Bai taɓa sa mata linzami ba, ragama kawai ta sani. Ya kifa wani tsohon turmi a tsakar gida, ya koya mata ta zo ta tsaya a gefensa. Sai ya hau turmin da hannu, ya kama gezarta, ya ja jikinsa zuwa sirdi, ita kuwa ko kunne ba ta kaɗawa sai ta ji ya zauna daidai. A gidan mutane, inda babu turmi, dakali ko kututture take nema da kanta.

Mutane sun yi dariya da farko. Namiji a kan goɗiya, gurgu kuma, ƙafafu na reto babu likkafa. Ja'afaru bai kula ba. A kanta ya san kasuwar Kibiya da ta Rano, a kanta ya je Rurum ya nemo auren Lubabatu, a kanta ya ɗauko wa 'yarsu Bushra magani ranar da ƙyanda ta kama ta.

Da ya idar da sallar asuba turke yake nufa. Ya share kashin da guntuwar tsintsiya, ya dama dusa da ɗan jiƙon kanwa, ya zuba harawa. Saboda a ƙasa yake, yana ganin abin da mai tsayuwa ba ya gani: kaska a cinya, tsakuwa a kofato, ƙurji a ƙarƙashin ciki. Yakan shige tsakanin ƙafafunta yana aiki, Lubabatu na cewa, “Malam, wata rana za ta taka ka.” Shi kuwa sai ya ce, “Ta fi ki sanin inda nake.” Da damina yakan hura mata hayaƙi da yamma saboda sauro. Shekarar da aka yi ƙarancin harawa, ya sayar da rigarsa ta zuwa Juma'a ya saya mata.

Haka suka yi shekaru, har soja suka sauka aka dawo siyasa, aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Babura suka cika ƙauyuka, masu dawaki suka yi ta sayarwa. Ja'afaru dai babur ba na irinsa ba ne. Da ya ga Gunya ta fara manyanta, sai ya roƙi Bappa ya kai ta wurin wani ingarma a Fammar, don ya samu magajiya. Ta ɗauki ciki. Tun daga lokacin ya rage mata tafiya, suna mai nisa ma sai ya ba da haƙuri.

A wannan shekarar ne Zakiyyu, wanda yanzu ya zama Alhaji, ya fito takarar kansila. Da bazara, zafi na tsakiyarsa, aka ce manyan jam'iyyarsa za su zo daga birni, kuma kowane ɗan takara ya tara jama'a a taro su a hanyar Rano. Abokin hamayyarsa ya yi nasa taron da dawaki, ana ta maganar abin. Zakiyyu ya rantse sai nasa ya fi.

Ya zo gidan ƙanen nasa da hantsi, bai ko zauna ba.

“Ja'afaru, jibi zan aiko a ɗauki goɗiyar nan.”

“Yaya, cikinta ya tsufa. Ni kaina na daina hawanta.”

“Tafiya ce kawai za a yi a hankali, a dawo maka da ita.”

“Ba ta san kowa ba sai ni. Ko linzami ba ta sani ba. Ka yi haƙuri, Yaya.”

Zakiyyu ya dube shi daga sama, ya ce, “Gidan nan da kake ciki, har da kasona a cikinsa. Na taɓa yi maka magana? Yau ina neman abu ɗaya a wurinka kana kawo mini zancen cikin dabba.” Ya kaɗe riga ya fita.

Ja'afaru ya ɗauka maganar ta wuce. Ranar taron da safe yana cire wa Gunya kaska, sai ga Zakiyyu da samari huɗu sanye da riguna masu hotonsa. Babbansu wani ne da ake kira Ɗan Jumai, idonsa jawur, yana riƙe da linzami mai tsatsa. Ba su yi sallama ba. Ɗan Jumai ya kwance igiyar daga turke. Ja'afaru ya yi wuf ya kama ƙarshenta, ya naɗe a hannu.

“Yaya, don girman Allah!”

“Saki igiyar nan, kada ka ba ni kunya a gaban yara.”

Bai saki ba. Suka ja goɗiyar, ita kuma ta ja shi, ya bi ƙasa da ƙirji har bakin zaure, hularsa ta faɗi, zaninsa ya zame. Lubabatu ta fito tana salati. Ɗaya daga cikin samarin ya sa ƙafa ya take masa wuyan hannu har yatsun suka buɗe. Wani ya yi dariya. Maƙwabta suna leƙe ta kan danga, babu wanda ya shigo ya hana.

Abin da aka yi da ita a ranar, daga baya ya ji shi a bakin mutane. An tura mata linzamin da ƙarfi. Da ta ƙi gudu, Ɗan Jumai ya ɗaura ƙusa a diddigen takalminsa. Aka yi ta sukuwa da ita a gefen kwalta a gaban motocin baƙi, wannan ya sauka wancan ya hau, wani lokaci su biyu. Ba wanda ya tuna ya ba ta ruwa. Da taro ya watse aka shiga rabon abinci, suka sake ta a bakin hanya.

Da kanta ta kawo kanta gida, gab da magariba, tana jan ƙafa. Bakinta ya tsage ta gefe biyu, jini ya bushe a haƙarƙarinta, jikinta na rawa. Ja'afaru ya yanke linzamin da askarsa don ba ya ciruwa. Ya wanke raunukan da ruwan ɗumi da gishiri.

Kafin gari ya waye ta yi ɓari. 'Yar duƙusa ce, ta riga ta yi gashi. Lubabatu ta aika aka kira Bappa. Ya zo ya duba, ya sa hannu, ya daɗe, sannan ya wanke hannunsa ya tsuguna kusa da Ja'afaru.

“Mahaifar ta ƙi fita, kuma akwai abin da ya tsage a ciki. Zan ba ta abin da na sani, amma kada ka sa rai.”

Da rana sai ga wani baƙo da babur, ya ce Alhaji Zakiyyu ne ya turo shi. Irin masu sayen tsofaffin dawaki ne suna lodawa a mota zuwa kudu. Ya zagaya Gunya tana kwance, ya taɓa cinyarta da ƙafa, ya ce in za a ba shi yanzu tana numfashi zai saya, in ta mutu kuwa ba ta da amfani. Ja'afaru ya ɗauki katakon hannunsa ya jefe shi. Shi ne karo na farko da aka ga ya jefi mutum.

Washegari ta mutu, kanta a kan cinyarsa. Aka ɗaura mata igiya, shanun huɗa suka ja ta zuwa bayan gari. Daga ƙofar gidansa yana hango ungulaye suna sauka.

Da ya ɗan dawo hayyacinsa, ya ja jiki zuwa wurin liman, Malam Habibullahi. Ya ce, “Malam, an ce Shari'a ta zo. Ina son hakkina.” Liman ya ce hakki kam yana da shi, wanda ya ɗauki dabbar mutum da ƙarfi ta halaka a hannunsa, biya ya hau kansa. Amma alƙali shaidu zai nema. Ja'afaru ya bi gidajen waɗanda suka leƙo ta kan danga ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce yana gona a lokacin. Wancan ya ce shi dai ya ji hayaniya, bai ga komai ba. Wani dattijo ya ce masa, “Haba Ja'afaru, yayanka ciki ɗaya za ka kai kotu a kan dabba, ana saura kwanaki zaɓe? In ya ci, garin nan ne ya ci. Ka bari a wuce, mu za mu sa ya biya ka.”

Zakiyyu ya ci. Ba a sake tayar da maganar ba.

Bayan wasu watanni aka aiko mota ta ɗauki Ja'afaru, aka ce kansila na nemansa a filin makarantar firamare. Ya sa rai ko doki ne. Ya tarar da rumfa da lasifika da mai ɗaukar hoto. Taron rabon tallafi ne ga naƙasassu. Aka sauke shi nesa da rumfar, aka kira sunansa, dole ya ja jiki ya ratsa filin a gaban jama'a, rana na dukansa. A gaban rumfar an ajiye keken guragu mai ƙafa uku, irin wanda ake juyawa da hannu, an rubuta sunan Zakiyyu a bayansa da fenti.

Zakiyyu ya karɓi lasifika ya ce, “Jama'a, wannan ƙanena ne. Shekara da shekaru yana wahala a kan dabba, yau Allah ya kawo ci gaba. Alheri daga gida yake farawa.” Aka yi tafi. Samari biyu suka ɗaga Ja'afaru suka ɗora a kan keken, ɗayansu Ɗan Jumai ne. Mai hoto ya ce ya yi murmushi.

Ya karɓi keken, don ba shi da wata ƙafar. Amma hanyoyin Unguwar Gai rairayi ne da kwazazzabai. Keken kan nutse kafin ya fita gari, da damina kuwa ko ƙofar gida ba ya wucewa. Rugagen da yake zuwa suka samu wani wanzamin. Samari suka koma shagon aski mai janareta a Kibiya. Sai tsofaffi kaɗan suka rage suna zuwa zaurensa. Lubabatu ta koma surfe da ƙuli-ƙuli, da su aka aurar da Bushra.

Bappa ya taɓa zuwa ya ce akwai wani ɗan jaki mai hankali, zai kawo masa. Ja'afaru ya girgiza kai.

“Bar shi a wurinka, Bappa. Duk abin da na ɗaure a gidan nan, mai ƙafa zai iya shigowa ya kwance.”

Ya rage magana, ya rage ci. Hannun da aka take bai koma daidai ba, har wata rana ya yanki wani dattijo a ƙeya, daga nan ya naɗe zabirar ya ba Lubabatu ta ajiye. Tari ya kama shi a wata damina, ya kwanta, bai tashi ba. Bai kai hamsin ba.

Zakiyyu ya zo zaman makoki da motoci biyu, lokacin yana neman a sake zaɓensa. Ya zauna a kan gaba yana karɓar gaisuwa. Ya ce wa masu ta'aziyya shi dai ya gode Allah, duk abin da ɗan'uwa zai yi wa ɗan'uwa ya yi wa marigayin. Suka ce Allah ya saka masa da alheri.

Ranar sadakar uku, Lubabatu na zaune a ɗaki cikin takaba, ta ji motsi a tsakar gida. Ta leƙa ta ga yaran Zakiyyu suna fitar da keken. Ta ce, “Ina za ku kai shi?”

Ɗaya ya ce, “Alhaji ya ce a kai a sake masa fenti. Akwai rabo ran Asabar.”