Da Maigidana Ya Yi Jego

A unguwarmu ta Bande maza ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Da an idar da sallar magariba kowane magidanci zai sa a fito masa da kwanonsa zuwa ƙofar gidanmu, inda ake shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro. A jera kwanukan, a buɗe ɗaya a cinye shi tare, sannan a jawo na gaba. Ciyayya ke nan, kuma tun kafin a kawo ni gidan ake yin ta. Mu mata ma muna da namu rabon a ciki, domin kwanon da ya dawo shi ke gaya miki matsayin miyarki. In ya dawo a suɗe tas, kin kwana da farin ciki. In ya dawo da rabi, sai ki ɗora wa kukar bana laifi. Ni har hannuwan da suka shiga kwano nake ganewa, don kowa gabansa yake ci, kuma kowa da irin ramin da yake bari.

Maigidana manomi ne, yana da amalanken shanu da yake kai wa mutane kaya kasuwar Magariya. Mutum ne mai alfahari da ƙarfinsa. Ko ciwon kai na yi, sai ya tuna mini cewa shi bai san ƙofar likita ba sai in ya kai wani.

Da hantsi ne abin ya faru, bayan an gama kawo amfanin gona. Ina shiƙar wake a tsakar gida, shi kuma yana gyara igiyar rumbu. Sai na ji ya yi wata ƙara da ban san shi da ita ba, ya faɗi a ƙame, jikinsa ya kama fizga. Ban san lokacin da na yar da faifan ba. Na durƙusa na tallafe kansa don kada ya bugi dutsen rumbu, ina kiran sunan Allah, ina kuma kiran maƙwabta. Kan ka ce me gida ya cika. Taubashinsa, ɗan gwaggonsa da suke wasa tun suna yara, ya zauna masa daɓas a kan ƙafafu wai don ya tsayar da fizgar. Wani na neman cokali ya cusa masa a baki. Daga bakin danga kuwa wata murya ke ta nanatawa, kada wanda ya taɓa yawun, kada wanda ya taɓa yawun. Ni dai da gefen zanina na share masa baki, domin ba ni da lokacin tsoron yawu, tsoron mutuwarsa ya ishe ni.

Can jikin ya saki, ya yi ta munshari kamar wanda ya kwana noma. Da ya buɗe ido ya daɗe yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ya zubar da wake.

Da muka kai shi likita, ɗan asibitin garinmu, majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya duba shi ya ce wannan irin faɗuwar farfaɗiya ce, amma daga faɗuwa ɗaya ba a yanke hukunci, sai mun je Magariya an ƙara bincike. Ya ba mu randebu, wato ya sa mana ranar zuwa. Ya ce kafin nan ban da bakin rijiya, ban da kusa da wuta, ban da tuƙa moto, wato babur. Ya ce in ta sake faruwa a kwantar da shi ta gefe, kada a danne shi, kada a cusa masa komai a baki. Na tambaye shi maganar yawu. Ya ce ba a ɗaukar ciwon nan ta yawu, ko ta kwano, ko ta moɗa. Na ce ya ɗan ɗaga murya ya maimaita, kunnena ba shi da kyau. Kunnena ƙalau yake, mutanen unguwarmu ne ke tsaye a bakin ƙofa.

Ya kuma gargaɗe mu cewa jiki zai yi tsami, don babu wata tsoka da ba ta yi aiki ba. Maigidana ya ce ai shi garau yake jin kansa.

Washegari garau ɗin ya ƙare. Ya yunƙura zai tashi ya kasa. Ƙwauri, cinya, gadon baya, wuya, muƙamuƙi, ko'ina ciwo, ga harshe da ya ciza ya kumbura. A zaune ya yi salla. Riga ma sai da na sa masa, kamar yaro ɗan boko zai tafi lakkol. Tun da bai tuna komai ba, sai ya tsare ni da ido ya ce in gaya masa tsakanina da Allah wa ya dake shi. Da na ambaci wanda ya zauna masa a ƙafa, ya ce dama ya sani, shekaru mutumin nan yake neman dama.

To ni magani ɗaya na sani na jikin da ya yi tsami gaba ɗaya, kuma na san shi ciki da waje, don ba sau ɗaya na haihu ba. Na sauko da babbar tukunyar da nake wankan jego da ita, na girka ta bayan ɗaki, na sa aka karyo mini ganyen dogon yaro. Ban tafasa ruwan kamar yadda tsofaffi suka tafasa mini ba, na sirka shi har ya zama daidai jiki. Na zaunar da shi a kan kujerar tsugunno nesa da murhu, ina tsoma ganye ina daddanna masa baya, yana ta salati. Bayan wanka in murza shi da man kaɗanya, in dama masa kunu mai ɗumi, tun da harshen ba ya son tuwo, balle yaji.

Hayaƙi a bayan ɗaki safe da yamma ba ya ɓoyuwa. Taubashin ya yi sallama ya shigo, ya dubi tukunya, ya dubi ganye, ya dubi mutuminsa a nannaɗe cikin bargo da kofin kunu a hannu. Ya durƙusa da ladabi ya ce, "Barka da arziki. Me aka samu, mace ko namiji? Yaushe ne suna?"

Maigidana ya so ya yi fushi, dariya ta riga shi, haƙarƙari kuma ya ƙi yarda. Yana dariya yana riƙe da gefensa yana roƙon a fitar masa da mutumin nan daga gida. Daga ranar sunansa ya koma Maijego a bakin taubashin. Ni ma kafaɗata ta dama ta yi kwanaki tana mini zugi saboda riƙon da na yi wa kansa, amma ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ce ba.

Kwanonmu bai fasa fita ƙofar gida ba, yana kuma dawowa a cinye, tun da mai gidan bai sa masa hannu ba. Shi a ɗaki yake cin nasa. Sai na lura ya ware moɗarsa ya tura ta ƙarƙashin gado, in yara suka matso yana cin abinci sai ya kore su da wata dabara. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Ran nan da na ajiye masa tuwo mai laushi, na wanke hannu na zauna na sa a kwanonsa. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ci tare da shi ba, ba a yin haka a wurinmu. Ya dube ni kamar ya gan ni a kan rufin ɗaki. Na ce masa yunwa nake ji kuma na gaji da wanke kwano biyu. Na jawo moɗar daga ƙarƙashin gado na sha.

Haka muka ci gaba. A nan na gano abubuwan da ban sani ba game da mutumin da na haifa wa ƴaƴa. Ashe in yana ci surutu gare shi. Ashe yana iya kwaikwayon muryar duk wani dillali na kasuwar Magariya. Ashe in ya ci karo da tsoka a miya, da ɗan yatsa yake tura ta gaban na kusa da shi ba tare da ya duba ba. Duk shekarun nan daɗin hirarsa a tabarmar ƙofar gida yake ƙarewa, ni sai ragowar hamma ake kawo mini.

Ciwon ya yi ta sauka a hankali. Ƙafafu suka fara saki, sannan baya, muƙamuƙi ne ya fi daɗewa. Harshe ya warke har ya fara tambayar ina yaji. Amma bakinsa bai daina kukan ciwo ba. Ni kuwa da hannuna nake murza shi, kuma hannu ya san bambancin tsokar da ta ɗaure kamar igiya da wadda ta saki. Sai ya riƙa cije baki tun kafin in taɓa shi. Yau ya nuna kafaɗar hagu, gobe ya manta ya nuna ta dama. Wata rana na dawo daga maƙwabta na hango shi ya ɗaga turmi da hannu ɗaya yana warware igiyar akuya, yana ganina ya dafe ƙugu. Ciwon nan har lokacin salla ya sani, duk yini lafiya lau, da an kira magariba aka fara shimfiɗa tabarma a waje sai ya motsa.

Da safe ina murza masa baya na ce itace ya ƙare, jego ya ƙare. Na ce mu da muke haihuwa ma arba'in muke yi mu fita, shi da bai haifi komai ba, ba zai zarce mu ba. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba.

"In na sa hannu a kwano suka janye nasu fa?" ya ce.

Na ce ai ya ji abin da majo ya faɗa.

"Majo ba ya ciyayya da mu."

Tausayinsa ya kama ni, haushin unguwar kuma ya cika ni, har da waɗanda ba su yi mini komai ba tukuna. Mutumin da ya kai matansu likita a amalankensa, rani da damina, shi ne ke tsoron tabarmar ƙofar gidansa. Ba zan iya bin maza gida-gida ina yi musu wa'azi ba. Abin da nake iyawa shi na yi. Akwai wani zakara da ya daɗe yana tone mini shanya, na sa aka yanka shi. Na tuƙa tuwon gero, na kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa, na sa daddawa da man shanu ban yi rowa ba. Na ce a raina yau kowane namiji zai zaɓa tsakanin tsoronsa da cikinsa.

Na miƙa masa wankakkiyar riga. Da kansa ya sa ta, hannu sama, ya manta da kafaɗa. Bayan magariba ya fita. Ni kuma na laɓe bayan danga da tsintsiya a hannu, ni da ban taɓa shara a wannan lokacin ba.

Gaisuwar ta yi tsawo fiye da kima, sannu bisa sannu. Na ji an zuba ruwan wanke hannu, na ji an buɗe murfin kwanonmu, don na san ƙararsa. Amma ban ji motsin hannu ko ɗaya ba. Na ƙara kasa kunne. Can taubashin ya ce Maijego ya matsa, cinyar kazar nan ba ta masu shayarwa kaɗai ba ce. Aka yi dariya, na fara jin motsin hannuwa. Jim kaɗan ya sake cewa, "Miƙo moɗar nan, kada ka shanye mana."

Murya ɗaya ce ta ce alhamdu lillahi, a ƙoshe take, ciki ba daɗi yau. Dattijon gidan kudu ne, mutumin da bai taɓa ɗaga wa kuɓewata ƙafa ba.

Da aka watse maigidana da kansa ya shigo da kwanon. Na haska shi da fitila. An suɗe ko'ina tas, sai gefe ɗaya da tuwo ya tsaya da miyarsa ba a taɓa ba. Na ji daɗi, na kuma ji zafi, ban san wanda ya fi ba. Shi ma ya daɗe yana kallon wurin.

"Mutum ɗaya ne kawai," ya ce. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, ya ajiye kwanon tsakaninmu. "Wanko hannunki."

Mun je randebunmu, an ɗora shi a kan magani, yana sha. Tukunyar jego ta koma inda take. Dattijon gidan kudu yana zuwa hira har yau, yana kuma cin nasa kwanon shi kaɗai a gefen tabarma. Ni ban rage awon tuwo ba, kuma kullum kwanonmu da wannan gefen yake dawowa. Na daɗe ina mamakin yadda mazan nan masu ci suke ƙyale shi, sai da taubashin ya kawo mini ƙara. Ya ce duk sanda hannunsa ya doshi wurin, Maijego sai ya buge masa shi ya ce a bar nan, na cikin gida ne.