Dogon Rini, Yaya Sale

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Salihu, kuma har yau ina juya yadda labarin ya iske ni.

Shi yana sashen rini a wata masaƙa a Challawa, ni ina kamfanin alewa a Bompai. A gidanmu na Kumbotso Yaya Sale muke ce masa. Ban san yana da wani sunan ba.

Ranar muna cin shinkafa da wake a ƙofar kamfani, sai wani direban babbar mota ya zauna kusa da ni, ya ce tukunyar rini ta fashe a Challawa da safe. Na tambaye shi wa abin ya shafa.

Ya ce, "Mutum ɗaya ne, Dogon Rini. Nan take ya cika."

Na yi wa mamacin addu'a, a raina kuma na gode wa Allah da Yaya ya tsira. Na cinye abincina, na koma bakin aiki. Da yamma na tarar da tabarmi a ƙofar gidanmu, har an dawo daga maƙabarta.

Direban bai ɓoye mini komai ba. Sunaye biyu ne, mutumin ɗaya, kuma rashin sanina bai raba shi biyu ba. Wanda na yi wa addu'a shi ne wanda na yi murnar tsirarsa.

Yaya yakan ce da Baba bai sayar da gona ba, da manomi zai zama. Nakan yarda. Da ya yi noma, babu mai kiransa Dogon Rini, amma shi ɗin dai ne aka raɗa wa Salihu, shi za mu kira ya amsa.

Da zai ga Challawa yau, ban san me zai ce ba. Masaƙar ta zama wurin ajiye kaya, maigadin bai taɓa jin an yi rini a ciki ba. Abokan aikinsa sun watse, Inna da 'yan'uwanmu duk sun bi shi.

An sa wa jikana sunansa. Idan aka ce Salihu a gidan nan, yaron kowa yake nufi. Ni kaɗai na rage da nake faɗin sunan ina nufin Yaya.