Mangwaron Iya Babba

Mu a ƙauyenmu na gefen Gazawa, lokacin sanyi ne lokacin tatsuniya, kuma shi ne lokacin da mangwaro ke fure. Da an yi sallar isha'i sai kakarmu, Iya Babba, ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta kowa da 'yar ayarsa a hannu. Iska na kawo mana ƙanshin furen daga garkarta ta bakin gulbi. Itatuwan nan ita ta shuka su, da ƙwallayen da ta zo da su daga garinsu, can wajen Ɗankama a Najeriya. Kowace bazara kwandon mangwaro na farko na ƙanwarta ne, Iya Ƙarama, da ta bari a gida. Kafin kwandon nan ya tafi, ko wanda ya faɗo da kansa ba ka isa ka lasa ba.

Ni ne mai yawan katse ta. Sai ta nuna ni da kara ta ce, "Kai mijin nan nawa, ba cefane sai surutu. Rufe baki, ga ta nan tahe."

Wadda ta fi so ita ce ta Mangwaro da Goriba. Wai Mangwaro baƙo ne daga kudu, ya sauka gidan Goriba. Ya ce ba ya cin tuwo, ba ya shan fura, a dai bar ƙafarsa cikin ruwa. Aka yi masa shimfiɗa a bakin Gulbi, ya yi ta ciyar da gari. Ana nan sai Rana ta riƙa matsowa shekara bayan shekara, Gulbi ya gaji da ƙuna ya shige ƙarƙashin ƙasa. Mangwaro ya miƙa ƙafa, ya ƙara miƙawa, bai taɓo shi ba. Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Wata safiya aka tarar ya naɗe tabarmarsa ya koma kudu. Kunya ta kama Goriba, duk wanda ya tambayi baƙonta sai ta ce yana ciki yana barci.

"Shi ya sa kuka gan ta da kai biyu," in ji Iya. "Guda na leƙen hanya, guda na leƙen masu tambaya."

Dariya kawai muke yi. Wa zai yarda itace na yin hijira?

Iya Babba ta rasu, aikin kai kwandon ya dawo wuyana. A idona rijiyar garka ta yi ta nisa, muna ƙara igiya. Zafi ya riƙa zuwa da wuri, ya kakkaɓe fure tun bai ƙulla ba. Itatuwan suka fara bushewa daga sama, har na ƙarshe ya zama itacen girki. Na kasa faɗa wa Iya Ƙarama. Sai in je kasuwar Agiye in sayi mangwaro, wanda ma daga Najeriyar ake kawo shi, in juye a tsohon kwandonmu, in sake tsallaka iyaka da shi. Tana ci tana hawaye, tana cewa hannun yayarta take ji a ciki. Ni kuwa ina sunkuye ina amsa albarka. A lokacin na gane tatsuniyar ba a kan baƙon take ba, a kan mai masauki take. Rana ba laifin Goriba ba ce, amma ƙaryar tata ce.

Bana na kai mata kamar kullum. Idonta ya tafi, sai da jikarta ta yanka ta sa mata a hannu. Ta tauna a hankali, ta ajiye sauran.

"Wanga ba shi da zare," ta ce. "Na Yaya sai ka yini kana sakace. Ɗan nan, hwaɗa mani gaskiya, sun mutu?"

Na ce, "Sun mutu, Iya."

Ta goge yatsunta a bakin zane. Na ɗauka faɗa za ta yi, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ta juyo da fuskarta wajen muryata, ta tambaye ni a hankali.

"Na bara hwa, wanda na ci na yi kuka?"