Kofur a Gadurum

Saja Dawuda ya yi ritaya shekara goma ke nan, amma har yau tafiyarsa ta fareti ce. A shagonsa na Zuru yake buga wa coci-coci takardu da kwamfuta. Ranar da karensa Kofur ya tauna wayar kibod har ta tsinke, sai ya ɗora tsohuwar hularsa ta soja, ya yanke masa hukunci: kwana uku a gadurum, wato akurkin kaji.

Matarsa Margaret ta kai kibod wurin mai gyara tana dariya har da hawaye. Da ta dawo, ta tarar da shi durƙushe bakin akurki, yana tura wa Kofur naman miyarsa.

"Baban Jessica, wannan fa?"

Ya ce, "Ko a ɗaure yake, ai sojana ne."